Muryar Sanarwa a Ƙasar Makarfi: Jiya a Dandali, Yau a Falo

Babu al'ummar da za ta zauna lafiya ba ta da hanyar sanar da mutanenta abin da ya shafe su. An ga wata, an yi rasuwa, yaro ya ɓata, taki ya iso, gobe za a yi wa yara rigakafi: duk labarai ne da in ba su kai kunne a kan kari ba, amfaninsu ya wuce. A ƙasar Makarfi da maƙwabtanta Ikara da Kudan, duk wanda ya ba hamsin baya ya ga muryar da ke ɗauke da irin waɗannan labarai tana ta sauya masauki. Ya taso ya tarar da ita a bakin mai shela, ta hau soron masallaci, ta shiga akwatin rediyo, ta koma aljihu a cikin waya. Yanzu kuma ana zancen gidajen da ke magana da kansu, inda kayan sautin falo ke katse kallo su gaya wa mutanen gida cewa ga baƙo a ƙofa, ko lokacin shan maganin Inna ya yi. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Kafin wannan sabon baƙo ya kankama a gidajenmu, ya kamata mu duba abin da muka samu a wannan doguwar hanya da abin da ya zube mana ba mu ankara ba.

A da, maganar hukuma daga sama take gangarowa, kuma kowa ya san matakalar da take bi: daga fadar Sarkin Zazzau zuwa ga hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa masu unguwanni. Idan ta iso gari sai a kira mai shela. Ba ya fita da rana tsaka, lokacin da maza ke gona ko cikin fadamar rake. Yakan bari sai an yi isha, an ci tuwo, kowa ya natsu. Sai ka jiwo ƙarar kuge ko ganga daga nesa tana matsowa. Ba zai buɗe baki ba sai ya ga hirar ƙofar gida ta tsaya, iyaye mata sun tsawata wa yara daga cikin gida, sannan ya ɗaga murya: "Jama'a, sarki ya gaishe ku!" Ya faɗi saƙon dalla-dalla, ya maimaita, sannan ya matsa zuwa mararraba ta gaba, yara na biye da shi suna kwaikwayon muryarsa.

Saƙonnin nasa na rayuwar yau da kullum ne. Damina ta tsaya, kowa ya ɗaure awakinsa da tumakinsa. Jibi akwai gayyar gyaran hanya ko sharar maƙabarta. Masu lamba suna tafe, a fito da yara. Duba-gari zai zagayo, a share kwata. Ana cigiyar jaki ko karsana mai alama kaza. Akwai kuma shelar da ba wanda ke son ji, wato ta haraji da jangali, waɗanda suka daɗe suna hana talaka barci kafin Gwamna Balarabe Musa ya soke su a jihar Kaduna a 1979. Abu uku ne suka ba wannan murya nauyinta. An san daga inda maganar ta fito. An san wanda ya ɗauko ta, ɗan gidan wane ne, a ina yake kwana; in ya yi ƙari ko ragi, da safe zai gurfana gaban dagaci. Na uku, jama'a tare suke ji. Abin da ya shiga kunnena shi ya shiga kunnen maƙwabcina, don haka ba wanda zai tashi gobe ya juya zancen ba a ƙaryata shi nan take ba.

Wannan tsari yana da iyakarsa. Murya ce mai gangarowa kawai, ba ta komawa sama da amsar talaka. Mutanen ƙananan ƙauyuka da rugage kuwa sau da yawa sai labari ya kwana biyu kafin ya iske su. Kasuwa ce ke cike wannan giɓi. Ranar Laraba, da kasuwar Makarfi ta cika, mai rake da mai mazarƙwaila da mai shanu daga Gubuchi da Gimi da Hunƙuyi da Paki kowa zai koma gida da cefane a hannu da labari a baki, kuma wanda ya kawo labarin shi za a riƙe in ya zama ba haka ba ne.

Cikin gida ma yana da nasa mai shelar, shi ne yaro. Gidan Bahaushe yana da zaure, kuma baligin da ba muharrami ba ba ya wuce nan. Baƙo zai tsaya ya yi sallama, in ba a amsa ba ya ƙyalla ido ya samo yaro: "Kai yaro, shiga ka ce ana sallama da maigida." Yaro ya ruga, ya durƙusa, ya ce, "Wai ana sallama da Baba." Tambayar da za ta biyo baya ba ta sauyawa: "In ji wa?" Idan bai tambayo ba, a mayar da shi ya tambayo. Daga wannan 'yar zirga-zirga tsakanin zaure da tsakar gida yaro ke koyon darussan da ba a rubuta a allo ba: yadda ake gai da manya, yadda ake riƙe saƙo ba a ɓarar da rabinsa a hanya ba, abin da ake faɗa da ƙarfi da wanda ake raɗawa a kunne, da kuma cewa maganar da ba a san mai ita ba ba ta cika magana ba. A ganina, wannan tambaya ta "in ji wa" ita ce ginshiƙin duk wata sanarwa tamu, daga ta fada har ta ɗaki.

Na'ura ta fara sa baki a harkar tun zamanin Turawa. A 1944 aka kakkafa lasifikoki a wuraren taruwar jama'a a birnin Kano, ana turo musu shirye-shiryen rediyo ta waya daga tasha guda, masu hali kuma suna biyan kuɗi a ja musu akwatin har gida. Ƙauyuka irin namu da wayar ba ta kai ba, motar majigi ce ke zuwa musu: a kafa farin ƙyalle a dandali, mai bayani ya riƙe makirfo yana fassara hotunan tsabta da noman zamani da yaƙi da jahilci. Ita ma motar, kafin ta tsaya a dandali sai ta fara tsayawa a ƙofar dagaci, kuma mai shela ne ke zagayawa ya ce da jama'a yau akwai majigi.

Rediyo mai batir ne ya kawo babban juyi. BBC ta fara watsa shirye-shirye da Hausa a 1957, gidan rediyon Arewa na Kaduna ya fara aiki a 1962, kuma cikin 'yan shekaru akwatin ya zama abokin manomi a gona, da mai shayi a tasha, da makiyayi a daji. Labarin ganin wata, wanda a da sai an jira ɗan aike ko ƙarar bindiga daga fada, ya zama a dare guda mutumin Tashar Yari da na Sakkwato suna jin sanarwar Sarkin Musulmi. Filin sanarwar ɗaurin aure da rasuwa da cigiya ya zama abin da gida ke yin tsit dominsa, ko za a ji sunan wani da aka sani. Rediyo bai yar da tsohuwar ƙa'ida ba. Kowace sanarwa da mai ita: iyalan wane da na wane ne ke gayyata, sakataren ƙaramar hukuma ne ya sa hannu, kwamitin kaza ne ke kira. Murya ta yi nisa, amma ba ta rabu da sunan mai ita ba.

Sai kuma lasifikar masallaci, wadda har yau ita ce babbar muryar unguwa. Tarihi ya nuna cewa da Musulmin Madina suka yi shawarar yadda za a riƙa tara mutane don salla, an kawo zancen ƙaho da na ƙararrawa, amma muryar ɗan Adam aka tsayar, aka ɗora wa Sayyidina Bilal aikin. Fiye da shekara dubu ladanai suna hawa tudu ko hasumiya suna kira da ƙarfin maƙogwaronsu, sai a 1936 aka sa lasifika a Masallacin Sultan na Singafo, wanda ake lissafawa a sahun farko. A garuruwanmu abin ya bazu ne sannu a hankali, daga masallatan Juma'a zuwa na unguwa, har ya zama da wuya ka ga masallacin da ba a ɗaura wa lasifika a saman soro ko a kan doguwar sanda ba.

Duk wanda ya taɓa zama a sahun gaba ya san kayan aikin. Ga amfilifaya, sau da yawa ƙirar Ahuja, a cikin ɗan akwatin katako mai kwaɗo kusa da wurin liman. Ga batirin mota a gefe, wanda yanzu sola ke caja shi. Ga waya ta bi bango ta haura sama. Idan ka ji an kunna ba lokacin salla ba, ladan ya ƙwanƙwasa makirfo da yatsa, ya hura iska, ya yi sallama, to gaban kowa sai ya faɗi. Mai daka ta tsayar da taɓarya, tela ya ɗaga ƙafa daga keke. Ladan ya faɗi sunan mamaci da na mahaifinsa da unguwarsu, ya faɗi lokacin jana'iza, ya maimaita. Kafin a gama wanka ƙofar gidan ta cika. In yaro aka tsinta, a zaunar da shi kusa da ladan, a faɗi kamanninsa da launin rigarsa, ba a jima ba ka ga uwa ko yaya ta iso tana haki. Lasifika ta ba talaka abin da mai shelar fada bai ba shi ba: damar a ji damuwarsa ba sai ya bi ta gaban sarki ba. Duk da haka ladan na ƙwarai ba ya sanar da mutuwa a kan ji-ta-ji-ta. Sai ɗan'uwan mamaci ya tsaya gabansa, ya san shi, sannan ya kunna.

Da kayan suka yi araha, kowa ya samu, sai wata matsala ta ɓullo. Shiga kasuwa a yau ka ji: mai maganin gargajiya ya ɗaura lasifika a kan mota yana faɗin abin da kunnen yaro bai kamata ya ji ba, mai maganin ɓera ya naɗi muryarsa a 'yar lasifikar hannu tana maimaitawa tun safe, ga motar 'yan siyasa, ga mai tura waƙoƙi a memori. Idan kowa na shela, kunne kan gaji ya daina saurare, sai sanarwar da ke da muhimmanci ta nutse cikin hayaniya. Ba mu kaɗai abin ya dama ba. A 2021 hukumomin Saudiyya sun umarci masallatai su taƙaita lasifikar waje ga kiran salla da iƙama, su kuma rage ƙararta zuwa kashi ɗaya cikin uku, saboda marasa lafiya da tsofaffi da jarirai.

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, saƙon murya na WhatsApp ya biyo baya a 2013, kuma ba mai musun alherin da suka kawo. Manomin tumatir a Kudan ko Ikara yana jin farashin 'Yankaba ta Kano da na Mile 12 ta Legas kafin ya loda mota. Tsohuwar da ba ta yi boko ba tana danna waya ta yi magana da jikanta da ke Fatakwal. Rasuwar da a da sai an tashi mutum a keke ya kai ƙauye, yanzu cikin minti guda dangi na nesa da na kusa sun ji. Sai dai a nan ne sanarwa ta rabu da abu biyu daga cikin ukun nan da suka ba muryar mai shela nauyi: ba a jin ta tare, kuma sau da yawa ba a san mai ita ba.

Wanda ya manta illar haka ya tuna watan Agustan 2014, lokacin fargabar cutar Ebola. Cikin dare wayoyi suka yi ta ƙara a faɗin ƙasar nan, ɗan'uwa na tashin ɗan'uwa: a yi wanka da ruwan gishiri, a sha, kafin gari ya waye. Mutane da yawa sun yi, wasu suka kwanta asibiti, har aka yi asarar rai. Ba sarkin da ya gai da kowa a wannan dare, ba ladanin da ya tsaya ya ga mai maganar ido da ido. Kowa ya ji ne daga wanda yake ƙauna, shi ma ya ji daga wani, kuma tsoro bai bar kowa ya tambayi in ji wa ba. Tun daga lokacin, muryoyin da ba su da suna sun yi ta yawo a wayoyinmu: an ce za a kawo hari, an ce kada a ci abu kaza, an ce malam wane ya rasu alhali yana raye. Magana zarar bunu ce, kuma wadda aka tura wa mutum ɗari ba ta janyuwa.

A cikin wannan hali ne zancen gida mai magana ya same mu. Kayan sautin kansu ba baƙi ba ne. A ɗakin amarya, inda rediyo mai kaset ke zama a da, yau talabijin ce da hom tiyata, ana haɗa ta da waya a ji karatu ko wa'azi ko fim. Alhazai ma sun daɗe suna dawowa da agogon bango mai kiran salla. Sabon abu shi ne haɗa waɗannan kayan da ƙwaƙwalwar da ke lura da gida. Kamfanin Amazon ya fito da Echo mai muryar Alexa a 2014, Google ya biyo da tasa na'urar a 2016, akwai kuma manhajar Home Assistant da wani ɗan ƙasar Holan mai suna Paulus Schoutsen ya fara a 2013, wadda kyauta ce kuma tana iya aiki a 'yar ƙaramar kwamfuta a cikin gida.

Yadda abin ke tafiya ba shi da wuyar fahimta. Uwar kayan sautin ita ce amfilifaya, irin na Yamaha ko Denon ko Onkyo, wadda talabijin da dikoda da sauran na'urori ke shiga cikinta, ita kuma ta rarraba sauti ga lasifikoki biyar ko bakwai da babbar mai gurnani. Wasu suna da hanya ta biyu da ke kai sauti wani ɗaki ko tsakar gida daban. Idan wani abu ya faru, misali an danna ƙararrawar ƙofa, ko tankin ruwa ya cika, ko agogo ya kai lokacin da aka tsara, sai kwamfutar gidan ta ɗauki jimlar da aka rubuta mata ta mai da ita magana. Daga nan ta duba ko amfilifaya a kunne take, ta riƙe abin da ake saurare da ƙarfin ƙararsa, ta juya ta zuwa hanyar da saƙon zai shigo, ta daidaita ƙara, ta faɗi maganar, sannan ta mayar da komai yadda ta same shi. Inda masu wannan sana'a suka fi shan wahala shi ne farkon magana. Amfilifayar da ke barci tana ɗaukar 'yan daƙiƙoƙi kafin ta farka ta sauya hanya, sai kalmomin farko su salwanta, a ji wutsiyar saƙo babu kai. Maganin da suka gano shi ne a fara da 'yar ƙararrawa, a ɗan dakata, sannan murya ta biyo. Wato dai sun koma ga hikimar mai shela, wanda ba ya magana sai kugensa ya tara masa kunnuwa.

Ina ganin amfanin wannan fasaha a gidajenmu, kuma ba kaɗan ba ne. Akwai tsohon da ke fama da hawan jini ko ciwon suga, 'ya'ya sun watse neman abinci, ba mai tuna masa lokacin magani. Akwai makahon da waya mai shafawa ba ta yi masa rana ba, amma kunnensa garau. Akwai tankin da ke ambaliya kullum saboda an manta an kunna famfo, da batirin solar da ke mutuwa don ba wanda ya lura ya yi ƙasa, da tukunyar gas da ke yoyo cikin dare. Muryar da za ta faɗi waɗannan a sarari, kowa a gida ya ji lokaci guda, ta fi saƙon da zai shiga wayar mutum ɗaya ya kwana ba a buɗe ba. A wannan fuska ma ta dawo mana da ɗaya daga cikin abubuwan da waya ta raba mu da su, wato ji tare. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Amma akwai sharuɗɗan da ya wajaba mu duba da idon basira. Na farko wuta da sadarwa. A ƙarshen Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan dakon lantarki. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamban 2021 an katse layukan waya a wasu sassan jihar Kaduna, ciki har da Birnin Gwari, saboda matsalar tsaro. A irin waɗannan ranaku, na'urar da sai ta tuntuɓi wata kwamfuta a Amurka kafin ta yi magana bebiya ce, alhali rediyo mai batir da lasifikar masallaci suna nan suna aiki. Duk wanda zai gina mana irin wannan tsari ya gina shi a kan sola da batir, ya kuma sa ƙwaƙwalwarsa ta zauna a cikin gida, ta iya aiki ko babu intanet.

Na biyu harshe. An koya wa Alexa Larabci a ƙarshen 2021, amma Hausa ba ta cikin harsunan da aka fito da ita da su. Ƙofa dai ta fara buɗewa: Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, kamfanin Meta ya fitar da muryoyin na'ura na harsuna fiye da 1,100 a 2023 har da Hausa, shirin Common Voice na Mozilla kuma yana tattara muryoyin masu sa kai. Sai dai rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, don haka na'ura kan karanta Hausa da gargada, ta ɓata sunayen mutane da garuruwa. Kafin a gyara wannan akwai hanya mai sauƙi: a naɗi muryar ɗan gida. Tsohuwar da ta ji muryar ɗanta na cewa, "Inna, lokacin magani ya yi," za ta fi saurin miƙa hannu fiye da in baƙuwar murya ce, domin ta san mai maganar.

Na uku sirrin gida. Na'urar da ke magana kawai daban take da wadda ke saurare. A 2019 ta bayyana cewa ma'aikatan manyan kamfanoni irin su Amazon da Google sukan saurari wani ɓangare na muryoyin da na'urorinsu suka naɗa a gidajen mutane, da sunan inganta aiki. Al'ummar da ta gina zaure don kare mutuncin iyalinta bai dace ta kai kunnen baƙo har uwar ɗaki ba tare da ta yi tunani ba. Na huɗu kuma, wanda ya fi damuna, shi ne tarbiyya da zumunci. Idan na'ura ce ke cewa ga baƙo a ƙofa, a ina yaro zai koyi aike da gaisuwa? Idan bango ne ke tuna wa Baba magani, kada ya zama dalilin da ɗa zai daina leƙowa da safe ya ce, "Baba, an tashi lafiya?" Agogon da ke kiran salla a falo tunatarwa yake yi, amma ladan yana kira ne a fito a haɗu, a ga wanda bai zo ba a tambayi lafiyarsa.

Akwai darasi a yaƙin da aka yi da cutar shan inna. An yi amfani da rediyo da talabijin da allunan talla, amma aikin bai kankama sosai ba sai da aka koma ga sarakuna da hakimai da masu unguwanni da limamai, aka sake fito da masu shela suna zagaya unguwa kafin ranar rigakafi. A watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali, kuma Najeriya ce ƙasa ta ƙarshe da aka jira. Mutane sun buɗe ƙofa ne don sun san muryar da ke kiransu.

Saboda haka kirana ga shugabannin ƙananan hukumomin Makarfi da Ikara da Kudan da iyayen ƙasa shi ne kada a bar aikin mai shela ya mutu. A ba shi lasifikar hannu da ɗan alawus, a riƙa naɗar shelarsa ana turawa a waya da sunan ofishin da ya aiko shi. Kwamitocin masallatai su kiyaye amanar makirfo, su rage ƙara inda ta zama cutarwa, kada su sanar da abin da ba su tabbatar ba. Matasanmu da ke karatun lantarki da kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Nuhu Bamalli, da masu gyaran rediyo da haɗa sola a bakin kasuwa, su ƙera mana kayan da suka dace da gidajenmu, masu jin Hausa, masu jure rashin wuta, waɗanda ba sa fitar da sirrin gida waje. Kai kuma mai karatu, duk saƙon da ya shigo wayarka, kafin ka tura wa wani ka tsaya ka tambayi in ji wa. In ba ka samu amsa ba, bar shi ya tsaya a kanka. Allah Ya sa mu dace.